Shagon Tura Tsofaffin Fina-finai a Ƙasar Ringim

Shagunan tura fina-finai sun yawaita a garuruwan Jigawa, har ta kai da wuya mutum ya sauka a wata tasha bai ga ɗakin da aka jera wayoyi ana caji, sifika tana tashi a bakin ƙofa ba. Galibinsu kayansu iri ɗaya ne, wato fina-finan Hausa masu dogon zango, da fassarar Indiya, da waƙoƙin biki, da karatun malamai. Wanda nake son yin magana a kansa yana da duk waɗannan, amma yana da wani abu da ban samu a saura ba, shi ne tarin tsofaffin fina-finan faɗa na Indiya da Sin da Amurka waɗanda muka tashi da su a zamanin kaset, kuma mai shagon ya adana su da kulawar da ta sa na ga ya cancanci a yaba masa a rubuce. Shagon yana bakin tashar wani gari da ke kan hanyar Ringim zuwa Gujungu, tsakanin mai faci da mai shayi. Ban nemi izinin ambaton sunan mai shi ba, don haka zan bar shi a haka, amma mutanen yankin sun san wurin.

Ɗaki ɗaya ne, bai fi ɗakin kwana na talaka ba. A kan rufin akwai faifan sola, a ciki akwai tebur da kwamfuta, da ma'ajiyoyin fina-finai da ya naɗe a tsumma saboda ƙura, da benci guda, da katakon da aka kafa wa soket-soket na caji. Mutum zai ba da memori ko wayarsa, ya faɗi abin da yake so, a tura masa, ya biya Naira 100 a kan kowane fim, idan ya ɗauki da yawa a yi masa ragi. Wannan kuwa haka yake a ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne wani littafi mai bangon kwali da ke kan teburin, wanda mai shagon ya rubuta kayansa a ciki da hannu. Ya lura cewa masu neman tsofaffin fina-finai ba su san sunayensu na asali ba, domin ba da su muka san su ba, sai ya jera su a ƙarƙashin sunayen da muke kiran jaruman. Akwai shafin Sarkin Ƙarfi, wato Darmendara, akwai na Ɗan Daba Mai Lasin, wato Sanje Dat, akwai na Amita, da Mitun, da Burus Li, da Jaki Can, da Rambo, da Kwamando, da Ban Dam. A gefen kowane fim kuma ya rubuta wata alama a taƙaice, misali inda aka sace yarinya, ko inda tsoho mashayi yake koya wa yaro faɗa. Saurayi ne wanda bai riski zamanin kaset sosai ba, kuma ya shaida mini cewa daga bakin dattawan da ke zama wurin mai shayi ya tattara waɗannan alamomi.

Na gwada shi da fim ɗin da na fi so a duniya, ban faɗi sunansa ba. Na ce masa ina neman wanda Amita yake dako a tashar jirgin ƙasa da jar riga, da lamba 786 ɗaure a damtsensa, yana da shaho mai sauka a hannunsa. Bai ko buɗe littafin ba ya ce, "Malama, ai Coolie kike nufi, ina da shi cikakke, har da wurin da hoton yake tsayawa." Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa na gane cewa ya san aikinsa. Fim ɗin ya fito a 1983, amma a 1982, ana cikin ɗaukar wani faɗa a Bangalo, Amita Bacan ya bugu a ciki da gefen tebur, ya ji raunin da ya kusa zama ajalinsa, ya daɗe a asibiti mutanen Indiya suna ta yi masa addu'a. Da ya warke aka ƙarasa fim ɗin, sai masu shi suka tsayar da hoton a daidai wurin bugun, suka rubuta cewa nan ne ya ji rauni. Na taɓa samun kwafin da aka datse wannan wuri da waƙoƙi don a rage nauyinsa, kuma wanda ya yi haka ya cire abin da ya fi komai daraja a wurin masu son jarumin. Kwafin wannan shago bai rasa komai ba, tun daga rubutun farko har na ƙarshe.

Wanda bai tashi a karkara a wancan lokaci ba, zai yi masa wuya ya fahimci dalilin da ya sa mace mai 'ya'ya da jikoki a hanya za ta damu da irin wannan. Lokacin da muke yara Jigawa ba ta zama jiha ba, sai a 1991 aka cire ta daga Kano, kuma ƙauyenmu ba shi da wutar lantarki. Sinimomin birni irin su Plaza da Orion da Marhaba labarinsu kawai muke ji a bakin yayyenmu maza idan sun dawo daga ci-rani, kuma ko da a birnin muke, ba wurin zuwan 'ya mace mai mutunci ba ne a idon iyayenmu. Kallonmu na farko a gidan wani ma'aikacin gona ne mai talabijin baƙi da fari, da yake haɗawa da batirin mota ya kamo CTV ta Kano, hoto yana zuwa yana ɗaukewa, wani yaro yana waje yana juya eriya ana yi masa ihu ya tsaya haka. Daga baya aka buɗe gidan bidiyo a bakin kasuwa, na zana da janareto, ana biyan sulalla a ƙofa, amma na maza ne zalla. Mu mata sai da aka kawo wata amarya daga Kano wadda aka haɗo mata bidiyo a kayan ɗaki, mijinta kuma yana sayo kaset a Ƙofar Wambai, sannan muka samu ƙofa. Mukan yi mata shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa tun da hantsi, domin idan an tayar da inji bayan isha'i ta bar mu mu zauna a ƙasan ledar ɗakinta. Idan kaset ya sarƙe, mijin ya buɗe bidiyon ya zaro zaren a hankali, ya goge kan da farar takarda, mu kuwa ko tari ba mai yi.

A wannan ɗaki ne kowace yarinya ta zaɓi nata jarumi, kuma zaɓi ne da ake mutuntawa, domin idan wata ta riga ki, ba ki da damar ki ce ke ma shi kike so. Yayata ta ɗauki Darmendara, ni na ɗauki Amita, wata ƙawarmu kuma ta saɓa wa kowa ta ɗauki Burus Li. Ba ma faɗin wannan a gaban manya, ko a gaban yayyenmu maza, sai a hanyar rijiya ko wurin surfe. Hotunansu da muke samu a cikin cingam ko a yagaggen kwalin kaset mukan liƙa su a cikin murfin akwati, inda ba mai gani sai mai akwatin. So ne na yarinta, mai tsabta, mai cike da kunya, wanda bai wuce bugun zuciya idan jarumin ya shigo hoto da kuma baƙin ciki na gaske idan bos ya sa an ɗaure shi ana duka ba. Ina tuna ranar da wani ɗan makarantar kwana ya gaya wa ƙawar tamu cewa Burus Li ya rasu a Hon Kon tun 1973, yana da shekara 32, wato tun kafin a haife ta. Ta koma bayan rumbu ta yi kuka mai yawa, kuma babu wadda ta yi mata dariya a cikinmu, domin kowa ta san abin da za ta ji da nata ne.

Da na sake kallon waɗannan fina-finai daga shagon nan, abin da na fi son ganewa shi ne mene ne ainihin abin da ya ja mu. Maza sun ɗauki ƙwanji da bindiga da tsalle, shi ya sa bayan kowane kallo sai ka ga yara sun ɗaura tsumma a goshi suna karya karan dawa da gefen hannu. Mu kuwa wani abu dabam muke gani. A Commando na 1985, abin da yayyenmu suke ba da labari shi ne yadda Shuwazinega ya saɓo gungumen itace a kafaɗa ɗaya da yadda ya gama da runduna shi kaɗai, amma abin da ya zauna mana shi ne farkon fim ɗin, inda wannan ƙaton mutum yake wasa da ƙaramar 'yarsa, suna ciyar da barewa, sannan da aka sace ta ya bi sawu bai tsaya shawara da kowa ba. Amita kuma, ban da tsayinsa da muryarsa, kusan kullum talaka ne mai darajanta uwarsa, wanda ba ya barin mai kuɗi ya taka na ƙasa. Yarinyar da ta tashi tana ganin yadda ake yanke hukunci a kan rayuwar mata ba a tambaye su ba, ba abin mamaki ba ne zuciyarta ta karkata ga namiji mai ƙarfi da yake kashe ƙarfinsa wajen kare mai rauni. Har yau ina ganin wannan ma'auni ne mai kyau, kuma ban ji kunyar cewa a ɗakin amaryar nan na fara koyonsa ba.

Ba zan ce fina-finan ba su da aibi ba, domin idon babba yana ganin abin da idon yaro ya tsallake. Bindiga ba ta ƙarewa da harsashi, abokan gaba su ashirin suna tsayawa kowa ya jira layinsa, naushi yana ƙara tun kafin ya sauka, jinin kuma ja ne wur kamar ruwan zoɓo. A na Sin da aka ɗora wa Turanci, baki yana gama motsi magana tana ci gaba. Waɗannan ba su rage mini daɗin kallo ba ko kaɗan, domin a bayansu akwai aiki na gaske da jiki da jini, lokacin da kwamfuta ba ta karɓe wannan sana'a ba. Jaki Can da kansa yake yin tsalle-tsallensa, ya faɗo daga bishiya a Yugoslabiya wurin ɗaukar Armour of God har ƙoƙon kansa ya tsage, kuma a ƙarshen fina-finansa da yawa ana nuna inda ya kuskure ya ji ciwo. Mai shagon bai yanke waɗannan ƙarshe-ƙarshe ba, na kuwa gode masa. Abin da ya dame ni na daban ne. A wasu fina-finan Amurka na shekarun 1980, irin su The Delta Force na Cak Noris da ya fito a 1986, Larabawa ne miyagu, a wasu kuma mutanen Biyetnam ne ake kashewa ba adadi ba suna, mu kuwa muna yara muna tafa wa mai kisan ba tare da mun san siyasar da ke ƙarƙashi ba. Wannan ya kamata babba ya bayyana wa yaro idan suna kallo tare. A gefe guda kuma, Rambo na farko, na 1982, ya ba ni mamaki, domin na riƙe shi a matsayin fim ɗin harbe-harbe, sai na tarar labarin soja ne da ya dawo daga yaƙi ƙasarsa ta wulaƙanta shi, wanda a ƙarshe ya durƙushe yana kuka a gaban tsohon kwamandansa. Hausawa suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ni da na koma wa wannan fim na samu abin da ban iya gani a bara ba.

Ta fuskar aiki, akwai abubuwa da dama da mai shagon yake yi daidai. Yakan tambayi irin wayar da za a yi kallo da ita, idan ƙarama ce mai madannai ya rage nauyin fim ɗin yadda za ta iya buɗewa, idan kuma a talabijin za a sa ya ba da mai kyan hoto. Yakan duba memori ya share ƙwayar cutar kwamfuta kafin ya tura, kuma yakan buɗe fim ɗin a gabanka ya tsallaka tsakiya da ƙarshe don ka tabbatar ya shiga. Akwai wanda na kai gida ya tsaya a tsakiya, da na aika aka mayar ya sake turawa bai karɓi ko kwabo ba. Sannan yana da wata ɗabi'a da na yaba ƙwarai, wato idan ya san fim yana da wurin da bai dace yara su gani ba, yakan faɗa tun kafin a biya. Da na nemi wani na Ban Dam, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, wannan idan da yara za ki kalla, ki riƙe rimot a hannu." Ba kowane mai shago ne zai yi wannan ba.

Yawancin na Indiya yana da su iri biyu, na asali da kuma wanda aka fassara da Hausa, kuma yakan bar wa mai saye zaɓi. Ban raina fassara ba, domin ta dalilinta ne mahaifiyarmu ta fahimci labaran da ta shekara tana ganin muna kuka a kansu, kuma masu yin ta suna da basira. Sai dai wasu masu fassarar sukan cusa barkwanci a inda jarumi yake cikin baƙin ciki, kuma duk iyawar mai fassara ba zai ba ni muryar Amita ba, alhali rabin abin da na so a wurinsa muryar ce. Mun kalli waɗannan fina-finai ba mu jin Indiyanci, amma ba mu taɓa ɓata a labarin ba. Saboda haka ni na asali nake ɗauka wa kaina, in ɗauki fassara saboda tsofaffi da yara.

Inda shagon ya gaza kuwa, na farko shi ne wurin zama. Bencin nan guda, a yawancin ranaku samari ne suke cika shi tun safe, suna jiran caji suna musun ƙwallo, kuma mace ba za ta iya kutsawa cikinsu ba, sai dai ta tsaya a rana daga gefe ko ta aiko yaro da saƙo, yaron kuma ya je ya faɗi abin da ba shi aka ce ba. Abin takaici ne a ce matan da aka hana shiga gidan bidiyo suna yara, yanzu da suka girma suke da kuɗinsu, har yau a bakin ƙofa suke tsayawa. Sifikar ma tana da ƙarfi fiye da kima, sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Ranar Lahadi, da yake ita ce ranar kasuwar Gujungu kuma motoci suna tsayawa a tashar, jira yakan yi tsawo sosai. Wasu kwafin na Sin sun dushe, an ɗauko su daga tsohon kaset ko daga wata tashar talabijin da tambarinta a kusurwa, kuma ya kamata ya riƙa faɗin haka kamar yadda yake faɗin sauran abubuwa. Memorin da yake sayarwa ma ban gamsu da shi ba, wanda na saya bai ɗauki abin da aka rubuta a jikinsa ba, ko da yake na yarda shi ma haka aka sayar masa.

Akwai kuma gibin da na ji a raina. Littafin nasa cike yake da jarumai maza, amma babu shafin mata masu faɗa, alhali su ma sun yi tashe a wurinmu. Sintiya Rotrok, Baturiyar nan mai gajeren gashi da ta yi fim a Hon Kon tare da Mishel Yo a 1985, ita ce ta fara nuna mana cewa mace ma tana iya tsayawa ta kare kanta, kuma yayyenmu maza da yawa ita ce tasu, ko da ba su faɗa ba. Haka nan Hema Malini, wadda ta fito a matsayin tagwaye a 1972, ɗaya mai haƙuri ɗaya mai tsiwa da ta rama wa 'yar'uwarta. Da na yi masa wannan magana ya ɗauki biro ya rubuta sunayen a bayan littafin. Sai kuma batun da ya shafi sana'ar gaba ɗaya, wato haƙƙin masu fim. Tsofaffin nan babu wata hanyar da mutumin ƙauye zai same su in ba wannan ba, amma sababbin fina-finan Hausa da ake turawa ba da yardar masu su ba, cin gumin mutanen da muke tare da su ne, kuma na gaya masa ra'ayina a kan haka a fili.

Duk da waɗannan, ina ba duk wanda ya tashi a zamanin kaset shawarar ya je, musamman mata 'yan'uwana. Na kai wa yayata Sholay na 1975, inda nata jarumin da nawa suka fito tare a matsayin aminai, muka kalla a tsakar gidanta da 'ya'yanta mata. Ƙaramar ta ce, "Gwaggo, wai wannan dogon ne naki?" Na ce shi ne, kuma kafin a kai wurin da ya tsaya shi kaɗai a bakin gada yana kare abokinsa, ita ma ta daina magana ta matso kusa da wayar. Wanda zai je ya zaɓi ranar Talata ko Laraba da hantsi, lokacin da batirin sola ya cika kuma samari suna gona, ya tafi da memorinsa da ya saya a wurin da ya amince da shi, kuma kada ya damu idan ya manta sunan fim, ya dai riƙe wata alama guda daga cikinsa. Mai shagon ya yi mini alkawarin sa wata tabarma a inuwar gefen shago saboda mata, ya kuma ce idan ya shiga Kano sayen kaya zai nemo na Sintiya.